Mudir Abdulghani da Yayyafin Khumra

"Wai da gaske ne mijin Mastura zai kai ta Khumra ta haihu a tsakiyar gishiri?"

Mastura na tsugune bayan dangar kwano tana wanke kofuna lokacin da tambayar ta tsallako mata. Matan layi ne a bakin famfo, ba su san tana nan ba. Wata ta amsa, "Ai ba Abdulghani ake ce masa yanzu ba, ya ukhti. Mudir. Wai shi manaja, ko sallama ba ya amsawa sai da Mudir a ciki." Suka tuntsire da dariya. Mastura ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da cuɗa kofin da ya riga ya fita tun ɗazu.

Da gaske ne kuwa. Cikin fari gare ta, ya tsufa, kuma kowa a Nuzla, unguwarsu ta Jidda, ya san mai cikin fari gaban uwarta take komawa ta sauka, a yi mata wankan jego. Gidan uwarta, Inna Sauda, ga shi nan kusa, ko tari ta yi ana ji. Har an share mata ɗaki an tara itace. Ana cikin haka maigida ya faɗo gida da wani shafin mujalla a hannu.

Abdulghani ɗan Hausawan Sudan ne, direban lori a wurin kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a Saudiyya, Ammi Siraj mai sayar da kayan gini. Ya taɓa ɗan taɓa aiki a gidan wani Baturen injiniya, yana ba fulawa ruwa, har aka sallame shi don ya kashe fulawar da ruwan. Shi a wurinsa abu in ba a yi shi da yawa ba, ba a yi ba. Daga wannan gida ya fito da abu biyu: baƙin tabarau mai hannu ɗaya, da imanin cewa ya gama sanin Turawa ciki da waje.

Ya shimfiɗa shafin a kan tabarma. Hoton wani gari ne a hamadar Amurka: dabinai a jere, laimomi masu launi, mutane a kishingiɗe kowa da tambulan, kowane tambulan kuma da 'yar laimarsa a ka.

"Kun gani? Hamada ce fa! Me suka fi mu? Rana ce, muna da ita. Yashi ne, sai dai mu sam musu. Dabara ce kawai ta rage, ita kuwa ga ta zaune a gabanku." Ya dafa ƙirji. "Suna da wata sa'a tsakanin la'asar da magariba, Sa'ar Farin Ciki. Ka sha kofi ɗaya, a ba ka na biyu kyauta. Su haram suke kurɓa, mu zoɓo da tsamiya. Na samo fili a Khumra, can bayan gari, fari fat kamar an shimfiɗa yadi, ga iskar teku. Ba wanda ya gane darajarsa sai ni."

Inna Sauda na gefe. Da yake suruka ba ta sa-in-sa da mijin 'yarta ido da ido, sai ta juya wajen butarta.

"Ke buta, wa zai dafa wannan zoɓon?"

Abdulghani ya russuna, ya dubi ƙasa. "A gaya wa buta, matar Mudir a wurin aiki take zama. Na kafa mata ɗakin kwano a can. In an buɗe aka ga kasuwa, tarewa za mu yi gaba ɗaya."

"Buta, haihuwar fa?"

"Iskar teku ta fi ruwan zafi. Turawa ba sa wankan jego, ga su nan ƙarti majiya ƙarfi."

"To buta, ce masa Baturen ya zo ya yi ungozoma."

Mastura ta kau da kai. Mai cikin fari ko sunan cikin ba ta kamawa, balle ta tsaya gardama a kansa. Amma daren nan tuwo bai wuce mata ba.

Kafin mako ya zagayo, Abdulghani ya aro rabin Nuzla. Ya aro mirkaz, dogayen kujerun igiyar nan na gidan gahawa waɗanda sai mutum ya ɗan yi tsalle yake hawa. Ya tattaro laimomin da alhazai suka zubar bayan hajji, wata ba kai, wata ba haƙarƙari. Da ya rasa dabino mai rai, sai ya saro ganyensa ya soka a gwangwanayen man gyaɗa. Mastura kuma ya sa ta zauna tana yanka takardar siminti tana liƙa wa tsinken tsire, wai laimar kofi.

A wurin Rafi'u mai tsire ya samo tsinken. Rafi'u taubashinsa ne, don haka bakinsa ba linzami.

"Mudir, wai zoɓon naka ma rana yake gudu, har da laima?"

"Jahilci ciwo ne, ya walad. Wannan shi ake kira tsari."

"To wanda ya sha na farko bai biya ba, ya ce a ba shi na biyun kawai fa?"

"Irinku ba za su shiga ba. Wurin manya ne."

"Manyan da za su bar Bab Makka, tsakiyar birni, su tafi Khumra, inda ko kare in ya je sai ya yi guzuri?"

"Ammi Siraj da bakinsa ya ce zai zo da motarsa. Kai kuma in ka zo, bayan laima za ka tsaya, kada hayaƙin jikinka ya ɓata mini iska."

"Zan zo," in ji Rafi'u. "Wallahi ko a ƙafa. Kallo irin wannan ba a ba mutum labari."

Ranar Alhamis da hantsi aka loda kaya a lori, aka ɗora Mastura a gaba ta rungume turminta. Da suka isa, ta leƙa ta cikin mayafi. Fili ne fari har iyakar gani, yana ƙyalli har ido na ruwa. Ba itace, ba inuwa, ba maƙwabci sai rumbunan kaya da bukkokin lebura can nesa. A tsakiya ga ɗakin kwano tsaye shi kaɗai kamar wanda aka yi wa horo.

"Ga fadarki," in ji Abdulghani. "Nan za a raɗa wa ɗana suna."

Ta shiga. Zafin ciki ya isa gasa gurasa. Ta jiƙa tsamiya, ta tafasa zoɓo, ta daka citta. Ruwan da ta ɗauraye tukunya da shi ta watsar a gindin turmi. Ƙasa ta shanye nan take, ta koma fara kamar ba a zuba komai ba. Can da ta juyo za ta ƙara citta, sai ta ga turmin ya gajarta. Ta ɗauka idonta ne. Ta sa taɓarya ta daka sau ɗaya, turmi ya ƙara yin ƙasa. Ta ja shi da ƙyar, ya fito da baƙin taɓo mai wari a gindinsa. Ashe farin nan ɓawon gishiri ne kawai, laka ce kwance a ƙarƙashi.

Ta leƙa ƙofa. "Maigida..."

"Mudir."

"Mudir, turmin nan..."

"Halas, halas! Yau ranar turmi ce? Manya na tafe kina mini zancen turmi. Yalla, koma ciki."

Ta koma ciki.

To, a Jidda duk mai gidan gahawa ya san ƙa'ida: in la'asar ta kawo jiki, sai a yayyafa ruwa a ƙasa, ƙura ta kwanta, wuri ya yi sanyi, sannan a jera kujeru. Abdulghani ya kira Ubale, mai sayar wa leburorin Khumra ruwa da ganga a amalanken jaki.

"A Bab Makka da gwangwani suke yayyafi," in ji shi, "saboda ƙananan mutane ne. Juye gangar duka."

Ubale ya juye. Ƙasa ta lashe, ta koma fara.

"Ka gani? Ƙasar manya, ba ta ƙoshi da kaɗan. Ƙaro wata."

Ubale, abin nema ya samu, ya ƙaro wata. Aka jera mirkaz a kai, aka kafa laimomi, aka shimfiɗa darduma a kan mirkaz ɗin tsakiya, na Ammi Siraj. Abdulghani ya maƙala tabarau, ya riƙe ɓangaren da ba hannu da yatsa, ya tafi bakin hanya taryen baƙi.

Mastura na ciki tana kallon filin ta hudar ƙusa, sai ta ji sallama a ƙofa. Ubale ne ya sake dawowa da ganga cike.

"Uwargida, Mudir ba ya nan. In zuba, ko in juya da ita?"

Tun da aka haife ta ba ta taɓa yi wa baƙon namiji magana ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska duk da akwai labule a tsakani. Ta dubi ɗakin kwanon, ta dubi wurin da za a ce ta durƙusa, ba uwa, ba ungozoma, ba ko maƙwabciyar da za ta ji ihu. Abin da ke cikinta ya yi wani juyi ya tokare ta a haƙarƙari.

"Zuba," ta ce, da muryar da ko ita da ƙyar ta ji.

"Na'am?"

"Zuba."

"Ta ina?"

"Ƙarƙashin kujerun."

Ubale ya bi mirkaz ɗaya bayan ɗaya ya shayar da su, na tsakiya ya ba shi ragowar gangar duka don ya ga shi ne mai darduma. Ya kora jakinsa gefe, ya tsaya kallo.

Ba a jima ba lori ta sauke mutanen Nuzla, Rafi'u a gaba da sabuwar hula. Bayansu sai ga doguwar motar Ammi Siraj. Mutum ne mai jiki, wanda in ya zauna a shago ba a ganin buhunan siminti da ke bayansa. Sai da mutum biyu suka tallafa masa ya hau mirkaz, ƙafafunsa na reto a sama.

"Ahlan, ahlan, ya ammi! Ka iso Amurka ba fasfo!"

"Tayyib. Ina ruwan sanyin? Na bushe."

Aka buɗe buhun ƙanƙarar da aka sayo tun safe. Abin da ya rage a ciki bai fi sabulun wanka ba. Abdulghani ya ɗaga shi sama kowa ya gani, ya tsoma a tambulan ɗin Ammi Siraj, ya ciro, ya tsoma a na kusa da shi, ya ciro.

"Haka Turawa ke yi. Sanyi da yawa yana kashe haƙori."

"Ni a nuna wa kofina ita daga nesa ma ya isa," in ji Rafi'u. "Kada ta gaji."

Ammi Siraj ya kai tambulan baki, laimar takarda ta soke shi a hanci. Ya cire ta ya jefar. Abdulghani ya tsince ta ya mayar, ya ce ba a sha sai da ita. Sannan ya hau kan wani akwatin katako ya gyara murya.

"Jama'a, yau tarihi ya sauka a Khumra. Wata rana jikokinku za su tambaye ku, kuna ina ranar da Mudir Abdulghani..."

"Ya Abdulghani," Ammi Siraj ya katse shi. "Kujerar nan ce ke gajarta, ko ni ne nake tsawo?"

Kowa ya duba. Ƙafafun da ke reto ɗazu yanzu sun taka ƙasa daram.

Abdulghani bai ko ƙifta ba. "Haka ake yin su a Amurka, ya ammi. Da kansu suke sauka don ƙafa ta huta."

"Wannan mirkaz ɗin gidan gahawar Husaini ne," wani ya ce. "Tun ina yaro nake hawansa bai taɓa sauka ba."

"Bai taɓa zuwa wurin manya ba ne. Kamar yadda nake cewa, jikokinku..."

"Mudir," in ji Rafi'u, "kai ma kana sauka."

Gaskiya ne. Ɗazu jama'a na ɗaga kai su dube shi, yanzu ido da ido suke. Akwatin ya shige rabi. Abdulghani ya ɗaga murya don ya cike abin da tsawo ya rage.

Gwiwoyin Ammi Siraj kuwa sun fara haurowa wajen ƙirjinsa. Ƙafar mirkaz ta hagu ta fi ta dama sauri, sai ya karkace kamar jirgin ruwan da aka yi wa lodi gefe guda. Zoɓo ya kife a farar rigarsa tun daga wuya har cibiya.

"Ya Sattar! Esh hada? Mene ne haka? Ku ɗaga ni!"

Mutane suka diro daga kujeru don kai agaji. Nan fa ɓawon gishiri ya ce ya gaji. Wanda ya diro da ƙarfi ya shige har ƙwauri, wanda ya diro a hankali ya bar takalmi. Baƙin taɓo ya ɓullo da wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Wani dattijo ya kama gwangwanin dabino don ya tsira, suka tafi tare. Daidai nan iskar tekun da aka yi ta yabo ta iso, ta tsinke laimomi, suka bi fili suna tuntsura gudi-gudi kamar an saki kaji.

"Kowa ya zauna! Kowa ya zauna!" Abdulghani na ihu. "Ba a ba da kofi na biyu ba tukuna!"

"Mun zauna ai," in ji Rafi'u, wanda ke cikin laka har ƙugu, hularsa a hannu ya ɗaga ta sama. "Faɗuwa ta zo daidai da zama. Mudir, wannan wankan ma cikin kyautar yake?"

"A Turai kuɗi ake biya a shiga laka! Magani ce!"

"To shigo ka sha maganin!"

Bai ma buƙaci gayyata ba. Ya taka zai je wurin Ammi Siraj, ƙafa ɗaya ta tafi, ɗayar ta ƙi bin ta, ya kife da fuska. Da ya ɗago, tabarau ne kaɗai abin da ake ganewa a jikinsa.

Duk da haka dabara ba ta ƙare masa ba. "A kawo mota! A ɗaura igiya a ja Ammi!"

"La! La! Kada a taɓa mini mota!"

Ina, ihu ya yi yawa, direban Ammi Siraj bai ji ba. Ya taho da baya a guje don ya nuna himma. Mota ta hau inda aka yi yayyafi, ta yi wani nishi, ta zauna a kan cikinta kamar raƙumar da ta ga dama. Ƙafafunta na juyawa suna fesa wa duk wanda ya rage da sauran fari a riga.

Leburorin Khumra suka fito daga bukkoki, Yamalawa da Hausawa da sauransu, suka yi layi a kan busasshiyar ƙasa suna tafi. Wani ya ɗaga murya ya tambaya ko gobe ma za a yi, ya gayyato abokansa.

Mastura na maƙale da hudar ƙusa, ta cusa bakin mayafi a baki. Dariya na taso mata, tsoro na danne ta, don ta san iƙamar mijinta, takardar zaman ƙasa, a hannun mutumin nan take da ke kwance cikin laka yana kiran sunayen Allah.

A ƙarshe jakin Ubale ne ya yi aikin. Aka shimfiɗa kwanon rufin ɗakin Mastura a ƙasa aka yi hanya, aka ɗaura wa Ammi Siraj igiya a hammata, jaki ya ja, jama'a na "Yalla! Yalla!" har ya fito da wata ƙara kamar an cire murfin tulu. Takalmansa da dardumar sun zama rabon Khumra. Aka ɗora shi kan amalanken ruwa, ya zauna yana haki. Abdulghani ya rarrafo gabansa.

"Ya ammi, ranar farko ce. Ko a Amurka..."

"Uskut! Rufe mini baki!" Ammi Siraj ya nuna shi da yatsa mai ɗigar laka. "Gobe ka zo da lori ka fitar mini da mota, ka wanke ta da hannunka, ka koma kan sitiyarinka. Khumra kuwa, ko a mafarki ka sake zuwa da kujera, ka nemi wani kafilin. Fahimt?"

"Na fahimta, ya ammi."

"Kuma wane mahaukaci ne ke yayyafi a kan sabkha, gishiri a sama laka a ƙasa?"

Aka yi taimama a gefen hanya aka yi magariba, kowa na ɗan nesa da ɗan'uwansa saboda wari, aka hau lori.

Washegari da la'asar Mastura na zaune a ɗakin da aka share mata, Inna Sauda na tsefe mata kai. Ba wanda ya yi shawara da kowa. Da safe Abdulghani da kansa ya ɗauko akwatinta ya kawo, ya shaida wa bango cewa dama shi tun farko ra'ayinsa ke nan, haihuwar fari sai gaban uwa.

Ta bayan danga ana jin majalisar Rafi'u ta cika. Masu mirkaz sun zo bin kayansu, masu takalma sun zo bin nasu, sauran sun zo ne kawai.

"Ganga biyu ƙasar nan ta shanye lafiya," Rafi'u ke cewa. "Ta ukun ce ta yi mana aika-aika. Na tambayi Ubale, ya ce lokacin kana bakin hanya. Wai daga cikin ɗaki aka ce masa ya zuba."

Mastura ta kasa kunne.

"Daga cikin ɗaki?" Muryar Abdulghani ta tashi. "Matata? Wadda ko sallamar baƙo ba ta iya amsawa? Kai Rafi'u, ka taɓa jin an ba da umarni a wurina ba ni na bayar ba?"

"To kana bakin hanya fa."

"Daga bakin hanyar na ɗaga murya! Muryata ce ta bugi kwano ta dawo masa. Ni na ce a zuba ta ukun, kuma da akwai ta huɗu da na ce a ƙara. Ni ba na abu rabi da rabi!"

"Jama'a kun ji da kunnenku," in ji Rafi'u. "Masu takalma, ga mai kayanku."

Hayaniya ta kaure. Inna Sauda ta ji kafaɗun 'yarta na rawa a ƙarƙashin hannunta, ta leƙo fuskarta.

"Ke, lafiya? Ko abin ne ya taso?"

"A'a, Inna."

"To me ya ba ki dariya?"

Mastura ta buɗe baki. Maganar ta zo har kan harshe, mai daɗi, tana neman fita. Sai ta tuna Inna in ta ji abu, famfo ya ji, in famfo ya ji, Nuzla ta ji. Ga bawan Allah can a waje ya rungumi gangarsa hannu bibbiyu yana kare ta da rantsuwa. Mutumin da ya rasa fili, ya rasa laima, ya rasa sarauta, ai ba a ƙwace masa ɗan abin da ya rage.

"Ba komai, Inna," ta ce, ta gyara zama ta miƙa mata ɗaya gefen kan. "Tsifar ce ke mini cakulkuli."